Kiara ce ta tsayar da yaƙin, me ya sa yabon ya tafi ga Simba?

Uwar 'Yan Biyu:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na zo da wata tambaya da 'yata ta jefo mini daren jiya, wadda har gari ya waye ban samo mata amsar da za ta gamsar da ita ba. Mun zauna ni da 'yan biyuna, masu shekara tara, mun kalli kashi na biyu na katun ɗin The Lion King, wanda ya fito a 1998 da sunan Simba's Pride, wato labarin Kiara, 'yar Simba da Nala. Ga waɗanda suka manta, a ƙarshen fim ɗin garken Simba da garken korarrun zakunan da Zira ke jagoranta sun gwabza cikin ruwan sama, kuma a daidai lokacin da Simba da Zira za su afka wa juna sai Kiara ta diro ta tsaya gaban mahaifinta, Kovu, ɗan Zira, kuma ya tsaya gaban mahaifiyarsa. Maganar Kiara ce ta sa aka dakata. Ita ce ta tare Zira lokacin da ta kai wa Simba farmaki, har suka gangara kwazazzabo tare, kuma ita ce ta yi ta miƙa mata hannu don ta ceto ta daga ruwan da ya ɓalle. Amma da komai ya lafa, aka hau dutsen fada aka yi ruri, sai gajimare ya dare, muryar marigayi Mufasa ta sauko tana yaba wa ɗansa Simba. Nan ɗaya daga cikin yaran ta juyo ta ce, "Mama, ai Kiara ce ta yi aikin, me ya sa kakanta bai ce mata komai ba?" Na ce ta je ta kwanta, za mu yi magana da safe.

Ni a ganina yarinyar tana da gaskiya. An gina fim ɗin a kan gimbiya, an sa mu bi ta tun tana jaririya a hannun Rafiki, tsohon birin fada, amma da aka zo rabon lada sai aka tsallake ta. Ina son in ji ko akwai wanda ya ga abin da ni ban gani ba.

Malam Mai Alli:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya mana su, domin tambayar ta fi ƙarfin shekarunta. Zan fara da sunan fim ɗin, tunda a nan amsar ta fara ɓuya. Kalmar pride a Turanci tana da fuska biyu: tana nufin garken zakuna, tana kuma nufin alfahari, har ma da girman kai. Saboda haka sunan yana iya nufin jama'ar Simba, ko 'yar da Simba ke alfahari da ita, ko taurin kan da ya hana Simba sauraron kowa. Ta kowace fuska aka juya shi, sunan Simba ne a gaba. Masu fim ɗin ba su yaudari kowa ba, tun a bango sun faɗa mana labarin wanda za su ba mu.

Abin da Mufasa ya yaba, a fahimtata, shi ne sarki ya yarda 'yarsa ta gyara masa kuskure a gaban mayaƙansa da abokan gabarsa, ya kuma sauko. Ku tuna cewa kalmomin da Kiara ta yi amfani da su a filin daga ba ita ta ƙirƙire su ba. Simba ne ya koya mata tun tana ƙarama, ranar da ya dawo da ita daga yankin korarru, cewa su duka abu ɗaya ne. Ya faɗi maganar yana nufin iyalinsa da ƙasarsa kawai, ita kuwa ta ɗauke ta ta shimfiɗa ta har kan waɗanda ya kora. Wanda aka mayar wa da darasinsa, ya karɓa bai yi fushi ba, ya yi wani abu mai wuya, kuma na ɗauka wannan ne aka yaba.

Ƙanwar Kowa:

Malam, da girmamawa, bayaninka ya ƙara mini ƙarfin gwiwa a kan ƙorafin Hajiya. Idan wanda aka gyara ya cancanci yabo daga sama, wadda ta yi gyaran fa? Ni damuwata ma ta wuce ƙarshen fim ɗin, ta koma farkonsa. Tun Kiara tana ƙarama ta gaya wa Timon da Pumbaa, abokan Simba da yake sawa su yi gadinta, cewa gimbiyanci rabinta ne kawai, sai Pumbaa ya tambaye ta mene ne ɗaya rabin, ta kasa amsawa. Wannan tambaya ce mai kyau ƙwarai, kuma na zauna ina jiran in ga yadda za ta gano kanta. To ina amsar ta fito? A bakin ruwa, bayan an kori Kovu ta bi shi ta same shi, suka leƙa suka ga rabin fuskarta da rabin fuskarsa sun haɗu sun zama fuska ɗaya. Wato ɗaya rabin nata namiji ne. Simba a fim na farko da ya leƙa ruwa mahaifinsa ya gani a cikin kansa, ya tuna shi sarki ne. Kiara da ta leƙa ruwa saurayi ta gani.

Ƙari a kan haka, soyayyar ma ba ita ta fara zaɓar ta ba. Tun da wuri an nuna Rafiki a bishiyarsa, iska ta kaɗo ta fasa ƙwarya gida biyu, ya haɗa ɓarin biyu ya gane cewa Mufasa yana son a haɗa Kiara da Kovu. Daga baya shi Rafikin ne ya ja su zuwa wurin da ya kira Upendi, yana ta waƙa har suka kamu. Kakanta ya tsara, mahaifinta ya tsare, Zira ta ɗana tarko da ita, Rafiki ya tura. A tsakanin waɗannan hannaye huɗu, ina nata?

Kawu Dattijo:

Na ga alamar za a taru a kan Simba, to bari in tsaya masa, domin ni uba ne kuma na san abin da ke hana uba barci. Wannan zaki yana yaro ya ga mahaifinsa ya faɗo daga dutse cikin turmutsutsun namun daji, ƙanin mahaifin nasa, Scar, ya ɗora masa laifin, ya girma a gudun hijira yana ɗauke da wannan nauyi. A kashi na biyu an nuna mana yana mafarkin ranar, Scar ya riƙe shi ya hana shi ceton Mufasa, sai fuskar Scar ta rikiɗe ta zama ta Kovu. Wanda ya sha irin wannan ba za a ce ya cika tsoro ba.

Kuma ku faɗa mini inda zarginsa ya zama ƙarya. Ya hana ta zuwa yankin korarru, ta je, saura ƙiris kadoji su cinye ta. Ya ce ba a juya wa korarru baya, ga shi wutar da ta kusa halaka ta ranar farautarta ta farko 'ya'yan Zira, Nuka da Vitani, ne suka cinna ta da gangan, domin Kovu ya cece ta ya sami hanyar shiga fada. Kovun nan da take kuka a kansa, an rene shi ne tun yana jariri don ya kashe Simba, uwarsa har waƙar reno take yi masa da zancen jini. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Sannan ɗan Scar ne fa, jinin wanda ya kashe Mufasa. Wane uba ne zai buɗe masa ƙofa da fara'a?

Abin da ban taɓa yafe wa Kiara ba shi ne ranar da aka kori Kovu, ta dubi mahaifinta ta ce masa ba zai taɓa zama Mufasa ba. Ta san inda gyambon yake, ta sa yatsa a ciki.

Mai Tara Kaset:

Kawu, a gafarce ni, akwai gyara ɗaya: Kovu ba ɗan Scar ba ne. An faɗi haka a cikin fim ɗin fiye da sau ɗaya, Nuka ya yi gunaguni a kai cewa Scar ɗaukar sa kawai ya yi, Kovu da kansa ma ya faɗa wa Kiara a daren da suke kallon taurari. Scar ya zaɓe shi ne ya gaje shi. Ruɗanin yana da dalili, domin kovu a harshen Swahili yana nufin tabo, daidai da ma'anar sunan Scar, kuma a tsarin farko na labarin an so ya zama ɗansa na cikinsa, sai aka sauya saboda hakan zai mai da shi ɗan'uwan Simba na jini, alhali ana son ya auri 'yar Simba.

Tunda na shigo, bari in ƙara abin da zai taimaka wa muhawarar. Fim ɗin bai shiga sinima ba, kai tsaye aka fitar da shi a kaset ɗin bidiyo a watan Oktoba na 1998, shekara huɗu bayan na farko. Darrell Rooney ne ya ba da umarni, kuma sashen Disney da ke Ostareliya ne ya yi aikin zanen. Neve Campbell ce ta yi muryar Kiara bayan ta girma, Michelle Horn ta yi ta ƙuruciya, Suzanne Pleshette kuma ta yi Zira. Wani abin da zai ba wasu dariya shi ne, a farkon aikin sunan gimbiyar Aisha ne, daga baya aka mai da shi Kiara. A ƙarshen fim ɗin 1994 ba a faɗi ko jaririn da Rafiki ya ɗaga namiji ne ko mace ba, har wasu littattafan yara da suka biyo baya suka ba Simba ɗa namiji mai suna Kopa. Masu kashi na biyu suka ajiye wannan suka zaɓi mace, suka kuma yi wasa da zaton mai kallo: Timon da Pumbaa suna ta murnar an sami yaro da za su rena, Rafiki ya yi dariya ya ce mace ce, su biyun suka sume. Ina ganin zaɓin da gangan ne, ko da ba su bi shi har ƙarshe ba.

Kawu Dattijo:

Na karɓi gyara, ɗana, Allah ya ƙara sani. Amma magajin da Scar ya zaɓa da bakinsa bai fi ɗansa sauƙi a idon Simba ba, don haka maganata tana nan.

Mai Nazarin Namun Daji:

Ina son in shigo ta wata ƙofa, domin abin da ya fi ci mini rai a game da Kiara shi ne farauta. A rayuwar zakuna ta gaskiya, wadda masu bincike irin su George Schaller suka bi diddiginta a Serengeti ta Tanzaniya tun daga 1966, garke na mata ne. Uwa da 'ya'yanta mata da 'yan'uwanta mata su ne ke zaune a yanki ɗaya tsara bayan tsara. 'Ya'ya maza barin garken suke yi idan sun kai shekara biyu zuwa uku, su yi yawo, su haɗa ƙungiya, su ƙwace wani garken, su riƙe shi shekaru kaɗan kafin wasu su kore su. Saboda haka idan ana maganar gado, zakanya irin Kiara ce mai ƙasa, namiji baƙo ne mai wucewa. Baƙon namiji kamar Kovu ya shigo garke daga waje, wannan shi ne abin da ya fi komai kama da gaskiya a fim ɗin gaba ɗaya.

Matan ne kuma ke yin mafi yawan farauta, sau da yawa a ƙungiyance, wasu su zagaya ta gefe wasu su laɓe a tsakiya. Ƙaramar zakanya tana koyo ne ta bin uwarta da innoninta, tana kallo tana kuskure, kuma ba ta ƙwarewa sai ta doshi shekara biyu. To ku dubi abin da aka yi wa Kiara. An tura ta farautar farko ita kaɗai, ta taka duwatsu, numfashinta ya yi ƙara, dabbobin suka watse. Da aka tashi koya mata, ga Nala nan, wadda ta kayar da Simba a kokawa tun suna yara har suka girma, amma sai aka ba Kovu aikin. Shi ne ya ce mata ta sassauta numfashi, ta ji ƙasa a ƙarƙashin daginta. Har fim ɗin ya ƙare ba mu ga Kiara ta kama ko zomo ba. Na san katun ne, zakunan cikinsa ma waƙa suke yi, ba na neman ya zama darasin kimiyya. Amma an ɗauke wa mata abin da nasu ne a daji aka ba namiji don soyayya ta sami wurin tsiro, kuma wannan ya rage wa gimbiyar tsayi a idon yaran da ke kallo.

Uwar 'Yan Biyu:

'Yar'uwa, wannan batu na Nala ban taɓa lura da shi ba sai yanzu, kuma ya zauna mini. Kawu, ina jin tsoron uba, ni ma uwa ce, amma akwai wurin da ka tsallake. Da safen farautar, Kiara ta roƙi mahaifinta ya yi mata alkawari zai bar ta ta yi ita kaɗai, ya yi alkawarin a gaban kowa, tana juya baya ya tura Timon da Pumbaa su bi ta a ɓoye. Da ta yi tuntuɓe da su a cikin ciyawa, abin da ya fito daga bakinta shi ne mahaifinta ya yi mata ƙarya, kuma fushin wannan ne ya sa ta ruga ta fita daga yankin da ake tsaro, inda wutar ta ritsa da ita. Da ya ce mata a fili ba zai bar ta ita kaɗai ba, da ta yi fushi amma ta san matsayinta. Na taɓa yi wa ɗaya daga cikin yarana irin wannan, na ce na yarda ta je wani wuri ita kaɗai sannan na sa aka bi ta, kuma ranar da ta gane sai da aka yi makonni kafin ta sake gaya mini wani abu da ke ranta. Saboda haka da na ga fuskar Kiara a wannan wurin na san ta.

Malam Mai Alli:

Ina son in koma ga tambayar da ƙanwarmu ta yi, cewa a tsakanin hannaye huɗu ina hannun Kiara, domin ita ce tambaya mafi nauyi da aka yi a nan, kuma ina ganin tana da amsa. An san cewa fim na farko ya jingina da Hamlet na Shakespeare, na biyu kuma da Romeo da Juliet: gidaje biyu masu gaba, 'ya'yansu suka so juna. A wasan Shakespeare masoyan sun nemi mafita ta ɓoye da gudu, suka mutu, gawarwakinsu ne suka sulhunta iyayen. A wannan fim an kawo labarin daidai wannan mararraba. Kovu korarre ne daga ɓangarorin biyu, uwarsa ta yage masa ido ta bar masa tabo irin na Scar bayan mutuwar Nuka, Simba kuma ya yanke masa hukuncin kora ba tare da ya saurare shi ba. Kiara ta ture duwatsu ta bayan kogon da aka tsare ta, ta fita, ta same shi. Sai Kovu ya ce su gudu, su kafa garkensu su kaɗai. Babu Rafiki a wurin, babu Simba, babu Zira, iska ma ba ta kaɗa ba. Tana da duk abin da ta ce tana so tun tana ƙarama: babu sarauta, babu masu gadi, ga wanda take ƙauna. Ta yi dariya ta ce dole su koma, domin idan suka gudu gidajen biyu za su rabu har abada.

Wannan shawara babu wanda ya tsara mata ita. Yarinyar da ta ce ba ta son zama sarauniya saboda babu daɗi a ciki, ita ce ta zaɓi komawa tsakiyar yaƙi alhali ƙofar gudu a buɗe take. Saboda haka ni ba na karanta hoton cikin ruwan nan a matsayin cewa Kovu ne rabinta. Fuskar da ta gani rabi ta gida ce rabi ta korarru, kuma daga ganin ta ne ta fahimci abin da za ta je ta faɗa wa mahaifinta.

Ƙanwar Kowa:

Malam, na yarda da rabin maganarka, kuma ba wasa nake yi da kalmar ba. Ƙin gudun nan nata ne, ban musa ba, shi ne wuri mafi kyau a fim ɗin. Amma minti nawa aka ba shi? Ana gama waƙar soyayya, jimla uku ko huɗu, an wuce. Kwatanta da tsawon lokacin da aka ba Simba a fim na farko kafin ya yanke shawarar komawa gida: Nala ta yi masa faɗa, Rafiki ya buge shi da sanda, mahaifinsa ya bayyana a sama, aka bi shi yana gudu a hamada da kiɗa. An ɗauki komawarsa a matsayin babban al'amari. Komawar Kiara, wadda ba ta buƙaci fatalwa ko sanda ba, an wuce ta kamar ba komai. Wannan shi ne ainihin abin da 'yar Hajiya ta ji a jikinta.

Kawu Dattijo:

Zan faɗi abin da ya sauya mini ra'ayi kaɗan, ko da yake har yanzu ina nan a kan cewa kalmar da ta gaya wa mahaifinta ta yi kaifi. Na sake kallon wurin kwazazzabon ɗazu. Zira ta yi niyyar kashe mahaifinta a gabanta, ta sa an cinna mata wuta, ta ce za ta kashe 'yarta Vitani don ta sauya sheƙa. Duk da haka Kiara tana kwance a kan ɗan tudun dutse, ruwa na tafasa a ƙasa da gumaguman da suka ɓalle, tana miƙa hannu tana cewa ta kama. Zira ta kai mata yakushi, ba ta janye ba, ta sake miƙawa. Simba bai yi wa Scar haka ba, kuma ba na jin Mufasa ma zai yi. Da Simba ya sauko ya jawo ta, abin da ta ce masa kawai shi ne ta yi ƙoƙari. A nan na ga sarauniya. Amma ku lura, mahaifin da kuke zargi shi ne ya bi ta cikin kwazazzabon yana tsalle daga dutse zuwa dutse.

Mai Nazarin Namun Daji:

Kawu ya ambaci Vitani, kuma ina ganin ita ma an ci hakkinta. Maganar Kiara ba za ta yi aiki ba da babu wadda ta fara tsallakawa. Korarrun sun ratso taɓo kafin yaƙin, jikinsu ya yi baƙi, ga rama, ga yunwa, Kiara ta ce wa mahaifinta ya dube su ya faɗi bambancin da ya gani. Simba ya yi shiru. Zira ta ba Vitani umarnin kai hari, Vitani ta ce ya isa haka, ta taka ta koma ɗaya ɓangaren, kuma sai da uwar ta yi barazanar kashe ta sannan sauran suka bi ta. Wato sulhun nan mata biyu ne suka ƙulla shi, 'yar sarki da 'yar Zira, a kan idon iyayensu.

Mai Tara Kaset:

Hajiya, ga abin da za ki iya kai wa 'yarki, ko da bai goge ƙorafin ba. Disney ta sake komawa kan Kiara sau biyu. A shirin talabijin na The Lion Guard, wanda ya fara a 2015 ya ƙare a 2019, an ba Kiara ƙane mai suna Kion. An tabbatar ita ce magajiyar sarauta, amma Kion ne jarumin shirin, shi aka ba rurin kakanni, shi ne kuma Mufasa ke bayyana wa a gajimare yana ba shi shawara a kai a kai. Wannan zai ƙara wa yarinyar haushi, na sani. A ƙarshen shirin dai Vitani ce ta karɓi jagorancin rundunar tsaron ƙasar.

Na biyun shi ne Mufasa: The Lion King, wanda Barry Jenkins ya ba da umarni, ya fito a watan Disamba na 2024, inda Blue Ivy Carter ta yi muryar Kiara. A cikinsa Kiara ƙarama ce, iyayenta sun yi tafiya, hadari ya taso tana tsoro, Rafiki ya zaunar da ita a kogo ya ba ta tarihin kakanta tun yana maraya har ya zama sarki. Mai sauraro ce kusan daga farko har ƙarshe, ba ta yi wani abin a zo a gani ba. Amma da labarin ya ƙare ta fito ta yi ruri tana fuskantar sama, siffar Mufasa ta bayyana mata a gajimare, daga nan ta je ta ga sabon ƙanenta ta fara ba shi labarin da aka ba ta. Ba ci gaban fim ɗin 1998 ba ne kai tsaye, layinsa daban ne, yana bin fim ɗin 2019 da aka sake yin labarin farko a cikinsa. Duk da haka, shekara 26 bayan tambayar da 'yarki ta yi ta samo asali, an nuna kakan ya dubi jikarsa.

Ƙanwar Kowa:

Ya dube ta a fim ɗin da ta zauna ta saurari tarihinsa, bai dube ta a fim ɗin da ta hana garkunan biyu kashe juna ba. Yaya, ka ƙara mini hujja ne kawai.

Uwar 'Yan Biyu:

Na gode muku duka. Da yamman nan na zaunar da su na karanta musu wasu daga cikin amsoshinku, na sassauta inda ya yi musu nauyi. Mai tambayar ta saurari bayanin Malam a kan sunan fim ɗin da kuma sarkin da ya karɓi gyara, ta yi shiru, sannan ta ce to ai Mufasa yana iya yaba wa mutum biyu, bakinsa ba zai gaji ba. Ban sami abin cewa ba. Na gaya mata zancen fim ɗin 2024, ta ce sai ta gani da idonta, don haka shi za mu kalla ranar Asabar. 'Yar'uwarta kuwa, wadda ba ta ce uffan ba tun jiya, ta ce ita duk wannan bai dame ta ba, Vitani take so a yi wa fim nata na kanta, kuma tana son ta san wa ya koya wa Vitani farauta. 'Yar'uwa mai nazarin namun daji, wannan tambayar taki ce.